Ranar da Na Yi wa Buhun Shinkafa Guɗa

Ko daga barci aka tashe ni aka tambaye ni, ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, don har yau in na tuna sai in ji ƙeyata ta ɗau zafi. Shekarar da tsutsa ta zo ta cinye mana masara ce, ba a daɗe da rasuwar Malam mai gidana ba, lokacin ana tsakar sa wa masallacin Juma'a sabon rufi. An gama sharar gona, an kai taki, kowa idonsa na gabas yana jiran ruwan shuka. A daminar da ta gabata ne Indo matar Garba mai faci ta rasu a bakin rafin ƙauyenmu, kwance a kan amalanke tana naƙuda. Ruwa ya cika ya batse, ga motar da aka kira daga Getso tana tsaye a ƙetare muna kallonta tana kallonmu, ba halin a haye da yarinyar zuwa asibitin Gwarzo. A hannunmu ta cika.

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake yi tun ina da ƙarfin murza, da su na aurar da 'ya'yana mata, da su da awakina na je Makka. Ba gwamnati ta kai ni ba, ba wani ɗan siyasa ba. Na dawo da haƙorina na zinariya a nan sama gefen dama, in na yi dariya kowa ya san inda ƙafata ta taka. Allah kuma ya ba ni baki. Guɗa kuwa, daga Lakwaya har Gude, in ba ni na rangaɗa ba amarya ji take kamar ba a kai ta ɗaki ba, kuma ba kowa nake yi wa ba. Ga ni fara, ba farin kanti ba, kakata ta wajen uwa Bafulatana ce. (Na sha faɗin wannan a gidan biki ko ba a tambaye ni ba, ba sai wani ya tuna mini ba.)

Ina zaune ina ɓarar gyaɗa sai ga Sabi'u ɗan Kande. Yaron nan ni na yi wa uwarsa guɗa ranar da aka kawo ta, a gabana kuma aka yanke masa cibi. Ya yi karatu, ya koma birni yana bin manyan 'yan siyasa, waya a kowane hannu. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe ni da gida da gajiya da awaki, har da jikokin da ba ya iya bambancewa.

Ya ce, "Inna, babban baƙo za a yi a Kabo. Mai neman shugabancin ƙasa."

Na ce, "Wanne kuma? Ai ban ji an buga gangar zaɓe ba."

"Na fidda gwani ne, Inna. Jam'iyya za ta fitar da nata mutum ɗaya tukuna. Zai biyo gidan ubangidana ya gana da jama'a, ana son uwa guda ta tashi ta yi magana a madadin matan karkara. Na ce musu in ba Innarmu ba, to babu."

Ai kuwa kaina ya yi gingirin. Kafin la'asar na tara matan unguwa a tsakar gidana na ce me za a faɗa wa mutumin nan. Ba wadda ta ce taki, ba wadda ta ce atamfa. Baki ɗaya suka ce gada, ko da kwalbati ce mai faɗi da mota za ta iya bi. Uwar Indo kuwa hannuna kawai ta kama ta riƙe da hannu biyu. Ni kuwa na daki ƙirji na ce in ban faɗa masa a tsakiyar idonsa ba, kada wadda ta ƙara ce mini Hajiya.

Babban ɗana (ba na faɗar sunansa, ɗan fari ne) yana da rumfar hatsi a kasuwar Gwarzo, shi ne kawai ya nemi ya taka mini burki. Ya ce, "Inna, wannan zaɓen ba ku kuke yin sa ba. Wasu mutane ne da ake ce wa deliget, su ake tarawa a ɗaki a lallashe su. Ku ado ne kawai."

Na ce, "Su deliget ɗin daga sama suka faɗo? Ba mu muka haife su ba?"

Ya tashi ya fita. Da na saurare shi, da yau wani labarin nake ba ku.

Ranar tafiya na fito da leshina ruwan zuma wanda na sayo a Jidda, na sha lalle, na zizara kwalli, na zuba awarwaro, na fesa turare har kaji suna atishawa. Na ce wa maƙwabciyata Tabawa ta raka ni. Tabawa gwauruwa ce, surfe da wankau take yi a gidajen mutane, baƙa ce siririya, ba ta da yawan magana. Na ce ta riƙe mini jaka. (Jakar ba komai a ciki sai goro da carbi. So nake a ga ina da mai bi na a baya.)

A motar da aka aiko ta kwashe mu, tun kafin mu hau kwalta aka fara.

Direba ya ce, "Wai kun san ɗan Kudu ne kuke wa wannan rawar jiki?"

Wani mai gemu a baya ya ce, "To namu da suka yi ta hawa, me suka tsinana maka? Har yanzu ba da tsumma kake toshe tankin mai ba?"

"Namu in ya ci, ko ba komai a gabanka zai yi gyatsa. Wannan can zai kwashe ya kai wa 'yan uwansa."

Wani tsoho da ke gefen taga ya ce, "Ni duk wanda ya miƙo taliya karɓa nake. In na shiga wurin dangwale, daga ni sai Allah."

Direba ya ce, "Baba, ai wannan karon ko dangwalen ba a gayyace ka ba. Kallo aka ɗauko ka."

Mota ta kwashe da dariya. Ni kuwa na gyara mayafi na ce, "Ku dai ba ku da zuciya ne. Ni ko baƙi ne kamar gindin tukunya, in dai yana da kunne yau zai ji magana." Aka sake dariya, na ji daɗi. Tabawa tana gefena da jakata a cinya, ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta.

Gidan ubangidan Sabi'u a Kabo gari ne guda. An kafa rumfuna a fili, an jera fararen kujeru a inuwa don manya, mu kuma an shimfiɗa mana tabarmi inda rana ta fi ƙwari. Su deliget tuni an shige da su falo an rufe ƙofa, sanyi kawai ke fitowa ta ƙasan ƙofar. Sabi'u ya ja ni wurin wata mata da ake ce wa Hajiya Laure, ita ce shugabar mata da aka turo daga birni. Fuskarta jawur kamar gwanda, gaɓoɓin yatsunta kuwa baƙi ƙirin, kun dai san irin man da suke shafawa. Ta dube ni daga ɗankwali har takalmi, ba ta ko amsa gaisuwata ba.

"Sabi'u, wannan ce talakar?"

"Ita ce Innar da na faɗa miki, ranki ya daɗe."

"Haba Sabi'u! Wannan ai ta fi ni leshi. Dube ta fa, fara tas kamar matar hakimi. Mutumin nan so yake mutanensa can su gani a waya cewa ya shigo Arewa har lungu ya ga wahala da idonsa. In suka ga wannan cewa za su yi ga irin masu cinye ƙasar nan." Tana cikin magana idonta ya faɗa kan Tabawa, da koɗaɗɗen zanenta da silifas ɗin da aka ɗinke da zare. Sai fuskarta ta washe. "Yawwa! Ai ga ta nan kun ɓoye. Baiwar Allah, ya sunanki? Ke za ki tsaya gaban mai girma."

A nan ne mace mai hankali za ta karɓi jakarta ta nemi motar Gwarzo. Zan so in ce muku hannun uwar Indo ne kaɗai ya tsayar da ni, kuma wallahi yana ciki. Tabawa ko mai unguwa za ta gaisar sai ta jiƙe da gumi, ba za ta iya faɗin gada ba balle ta faɗi yadda aka yi. Amma akwai na biyu. Ni in zauna a tabarma cikin rana, mai riƙe mini jaka tana riƙe da lasifika? In koma gida a ce wa ya yi magana, a ce Tabawa?

Na ce, "Hajiya, kaya ne matsalar? Ai kaya cirewa ake yi."

Ta ɗaga gira ta ce, "To fatar fa?"

Na ce, "Ki bar ni da ita."

Na ja Tabawa bayan madafa, wani ɗaki da aka tara buhuna. Tana ta roƙona. "Hajiya, ki rufa mini asiri, da zanen nan na yi surfe jiya, duk dusa ce." Na ce tuɓe. Na ɗaura mata leshina, na zuba mata awarwarona, na yafa mata mayafin Jidda. Ni kuma na sa rigarta mai warin hayaƙi, na ɗaura zanen, na zura silifas. Na fito wurin da ake dafa abincin taro, na shafo baƙin gindin tukunya na haɗa da ƙasa, na murje fuskata da wuyana da damatsana. Ba wanda ya sa ni. Da hannuna, hannun da ya taɓa ɗakin Allah. Hajiya Laure ta leƙo ta ce, "Ma sha Allah, yanzu kika zama mutum. Saura haƙorin." Na ɓantari goro na tauna, na liƙa tuƙar a kan haƙorin na danne da harshe, na ja tsohon gyalen Tabawa na rufe rabin bakina.

Muna fitowa 'yan matan da ke tarbar baƙi suka yo kan Tabawa. "Hajiya, sannu da zuwa, bismillah nan." Suka kai ta farar kujera a layin gaba, aka dire mata kaza da lemo mai sanyi. Tana waiwayena kamar akuyar da aka kai kasuwa. Ni kuwa wani mai gadi ya daka mini tsawa wai in matsa kada in shafa wa mutane datti.

Sai bayan la'asar jiniya ta tashi, manyan motoci suka shigo suna ture juna. Mutumin ya fito, dogo ne kakkaura, an zuba masa farar babbar riga da ta sha sitati har tana ƙara, an kifa masa hula kamar murfin kwano. Hannun rigar sai zamewa yake, wani na biye da shi yana ɗora masa. Ya karɓi lasifika ya ɗaga hannu, rana ta kusa faɗuwa, ya ce, "Ina kwana!" Fili ya ɗauki tafi da ihu kamar ya sauke Alƙur'ani. Na yi tsaki a raina na ce dubi mai kayan aro. (Ni da nake tsaye cikin zanen surfen Tabawa.)

Ya juya harshe zuwa Turanci, Sabi'u na gefensa yana fassarawa. Wai shi ma ɗan talaka ne, uwarsa talla take yi, ba takalmi ya je makaranta. Tun da nake jin masu neman ƙuri'a, ban taɓa jin wanda yake da takalmi yana yaro ba. Ban san su wa suke sayen takalma a ƙasar nan a da ba. Wai kuma a wurinsa ba Kudu ba Arewa, ba fari ba baƙi, duk jini ɗaya ne. Masu fararen kujeru suka tafa, mu 'yan tabarma muka share gumi.

Sannan aka ce a fito da uwar talakawa. Aka tura ni gaba, masu ɗaukar hoto suka kewaye ni. Na karɓi lasifika, na dubi mutumin nan ido cikin ido. Wallahi ko da goro a baki, ban taɓa magana mai kyau irin ta ranar ba.

Na ce, "Baƙo, sannu da zuwa. Ba roƙo ya kawo ni ba. Muna noma gero da dawa da wake, mu ci mu sayar wa birni. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinmu. Akwai rafi tsakaninmu da asibiti, in damina ta yi nisa ya zama sarki, shi ke cewa wa zai rayu. Bara ya tsare yarinya mai suna Indo da ɗa a cikinta, ta kira uwarta har muryarta ta dishe, mota na ƙetare, mu manyan mata muna tsaye ba abin da muka iya sai salati. Namu sun zo sun auna rafin nan da igiya, sun ci kajinmu, sun tafi. Kai ba namu ba ne, ba ka ci mana komai ba tukuna. In kana son mu yarda jini ɗaya ne, ka sa mana gada. In ba za ka iya ba, ka faɗa mana yanzu a gaban mutane, ba za mu riƙe ka ba."

Na ji wata a bayana tana jan hanci. Sabi'u ya karɓi lasifika ya yi 'yan kalmomi da Turanci, gajeru, ya tsaya. Na lura da gajartar, amma sai na ɗauka haka yarensu yake, kamar tunkuza, a matse man a bar ɗan dunƙule.

Fuskar mutumin ta canza. Ya zaro farin hankici ya dangwali ido, ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa da wannan riga tasa, ya kama hannuwana biyu yana magana murya na rawa.

Sabi'u ya ce, "Inna, ya ce ya ji, kuma daga yau kukanki ya ƙare."

Na ce, "Gadar?"

"An gama, Inna."

Wasu ƙarti biyu suka kinkimo buhun shinkafa mai hoton mutumin a jiki suka dire a gabana. Na ɗauka guzuri ne na komawa gida, irin wanda ake ba baƙo bayan an gama babbar magana. Daɗi ya rufe ni. Na tuna hannun uwar Indo. Na fizge gyalen daga bakina, na toshe hanci, na ɗaga kai sama, na rangaɗa guɗar da ban taɓa yi wa wata amarya irinta ba.

Tuƙar goron ta yi tsalle ta sauka a ƙirjin farar rigarsa. Rana na gefen yamma tana duban bakina, haƙorina ya ƙyalla a gaban duk masu hoto.

Wani matashi daga baya ya ƙwala, "Kai jama'a! Talakar tasu Hajiya ce! Haƙorin Makka ne wallahi!" Samari suka fashe da dariya, wasu har da faɗuwa. Hajiya Laure ta damƙi damtsena ta ja ni gefe tana cewa ta cikin haƙora, "Kin kashe mu, tsohuwar banza." Mutumin kuwa tuni ya miƙe, wani na goge masa riga, wani na tsiyaya masa ruwan gora yana wanke hannu. Ya shige falo wurin su deliget, aka rufe ƙofa.

Duk da haka ban gane ba. Na ce a raina su yi ta dariya, ni dai na samo gada. A mota muna komawa, na karɓi leshina, fuskata har lokacin da sauran baƙi, sai Tabawa ta matso ta ce a hankali, "Hajiya, wai da kika shafa baƙin tukunyar nan, kama da ni kike son yi?" Ni mai baki, na kau da kai. Na ce direba ya rage gudu.

Muna isa na tara mata na ce an gama, mai girma ya durƙusa a gabana ya yi alkawari. Uwar Indo ta fashe da kuka tana sa mini albarka. Wannan albarkar ita ta fi komai ƙona ni daga baya.

Ranar kasuwar Gwarzo ɗana ya dawo tun rana ba ta yi ba, abin da bai taɓa yi ba. Bai ci tuwo ba. Ya miƙa wa matarsa Malama Rabi waya, ita malamar firamare ce, tana jin Turanci. Ya ce, "Faɗa mata abin da aka ce ta ce." Ya koma bakin rumbu ya zauna ya ba mu baya.

Ga ni a cikin waya, baƙa wuluk, cikin tsumma, bakina na motsi, an ɗora wani kiɗa mai ban tausayi a kan muryata. Sai muryar Sabi'u. Malama Rabi ta ƙi ɗaga ido.

"Inna, cewa ya yi kin ce tun jiya ba ki sa komai a bakinki ba. Wai 'ya'yanki sun gudu sun bar ki. Wai shugabannin Arewa sun manta da ke, mai girma kaɗai ne gatanki."

Na ce, "Gadar fa?"

"Babu gada, Inna."

"Indo fa? Bai ambaci Indo ba?"

"Ko sau ɗaya."

Daga nan sai buhu, sai guɗata, an yanke daidai kafin haƙorin ya fito. Wannan na mutanen ɗan takarar ne. Akwai kuma na abokan hamayyarsa, su daga haƙorin suka fara, sun zagaye shi da jan zane, suna maimaita faɗuwar goron, sun rubuta wai an yi hayar attajira ta yi wasan yunwa. Rabin duniya na kallona mabaraciya, rabi na kallona maƙaryaciya, ba wanda ya ji kalmar gada.

Ɗana ya juyo, idonsa ja. Ya ce, "Inna, me na rage ki da shi? Yau a rumfata wani ya ce in tausaya wa uwata ko da mudu ɗaya ne." Ban gama haɗiye wannan ba, washegari sai ga ɗan aike daga Gude, gidan da 'yata take aure, da dami na dawa a bayan babur. Wai surukai suna gaisuwa, sun ce in abin ya kai haka ai da an sanar da su. Ni! Ni da na kai 'yata gidan nan da garar da aka yi mako ana zance!

Na yafa mayafi na nufi gidan Kande. Na tarar da Sabi'u a tsakar gida yana cin ɗanwake. Wannan karon bai durƙusa ba.

Na ce, "Kai, da na ce gada, da wane kunne ka ji yunwa?"

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba ki san harkar ba ne. Gada ba ta sa mutum kuka a waya. Su can abin da suka sani game da mu yunwa ce, ita suke son gani, ita muka ba su. Shi kansa mai girman bai zo jin magana ba, hoto ya zo ɗauka. Kuma ai ba ki tashi a banza ba, kin samu shinkafa."

"Ka sayar da ni a buhu ɗaya?"

"Haba Inna, wa ya shafa miki baƙin tukunya? Ni ne?"

Na dubi uwarsa na ce, "Kande, da na san abin da za ki haifa, da ban ɓata guɗata ranar aurenki ba." Na fito, ɗan banzan kuwa ya faɗi gaskiya a ƙarshen, ita ce kuma ta fi ciwo. Na tafi Kabo ina shirin kada ɗan Kudu ya raina ni. Shi ya zo sayen tsohuwa baƙa mai jin yunwa, ɗan gida ya yi dillanci, ni kuma na yi wa kayan fenti.

Saura mata. Na kwana ina juyi, da safe na sake tara su na faɗa musu komai, ban rage ba. Na zaci za su zage ni, na ma fi son hakan. Uwar Indo ta ce, "Ai dama mun sani, Hajiya. Ba wanda zai yi. Mun dai ce ko bakinki zai yi abin da namu bai yi ba." Sai wata daga baya ta ce, "To shinkafar fa, tana nan?" Tana nan. Aka kawo kwano aka raba. Ban zarge su ba, amma ko ƙwaya ban bari ta shiga tukunyata ba.

Mutumin ma ashe ko zaɓen bai tsaya ba. Ranar da aka taru a babban birni, sai aka ji a rediyo ya janye ya bar wa wani. Su deliget na wajenmu suka dawo kowa da sabon babur, suna wuce mu a hanya suna mana ƙura. Wanda aka bar wa ɗin ma har yau ba mu ga ƙeyarsa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ba na ƙara yi wa mutum magana in da kunnen aro ya zo. In kuma aka ce mini an gama, sai na taka abin da ƙafata kafin in toshe hanci. Masu neman kujera har yanzu suna aiko mini in za a yi taro, wai ana son uwa. Ina ce musu su je su nemi tasu.

Cikin waɗanda suka ga wannan abu, tsohon nan mai karɓar taliya ya rasu, direban ma an ce haɗari ya ci shi a hanyar birni. Kande ta rasu ba mu shirya ba, na dai je gaisuwa. Uwar Indo ta bi 'yarta. Hajiya Laure ban san inda take ba, ban kuma tambaya ba. Sabi'u yana nan, ya yi tumbi, an ba shi muƙami, in ya hango ni a gidan suna sai wayarsa ta yi ƙara ya fita. Tabawa na nan da ranta, ta daina surfe don baya ya ƙi, yaran unguwa har yau Hajiya suke ce mata, tana kuma amsawa, ni ma na bi sahu. Sai ni. Sai rafin, shi kam ko tsufa bai yi ba.